Lamba Ta Ɗari da Bakwai

A rediyo muka fara ji:
miliyoyin itatuwa za a dasa, ƙasa baki ɗaya.
Rabon Kware ya iso a bayan tifa
wata Talata, cikin baƙaƙen ledoji,
dogon yaro, zogale, ɗan mangwaro jefi-jefi.
Aka haƙa, aka dasa, aka yi hoto.
Wani mai littafi ya bi layi yana ƙirga,
ya rataya wa kowanne lamba a wuya
kamar awakin da za a kai kasuwa.
Kafin la'asar mota ta koma Sakkwato
da lissafinta cif.
Wanda zai ba su ruwa ne ba a rubuta ba.

Babana Arzika, shekara uku ke nan
da sunana ya faɗi daga bakinsa
bai sunkuya ya ɗauka ba.
Tumba yake ce mini, sunan yayarsa
da ta rasu tun ban zo duniya ba.
Ina amsawa.
Yakan tambaya ko an yi azahar
alhali ƙasar sujada na nan a goshinsa.
Wasu suka ce sammu, wasu suka ce iska.
Likita ta ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa,
ta rubuta magani layi biyu,
ta ce sauran aikin namu ne.

Shi ya ga lamba ta ɗari da bakwai
a hanyar masallaci, kai a sunkuye.
Ya ce, "Wanga yaro ƙishi shika ji."
Ya juye masa ruwan alwalarsa.
Ya dawo, ya zauna, ya miƙe:
"Tumba, ban ba yaron ga ruwa ba."
Sau biyar a yini. Wata rana bakwai.

Da fari na kulle ƙofa.
Ya tsaya bayanta yana kukan wanda aka yi wa sata,
sai na buɗe.

Ba a kira taro ba, ba a naɗa kwamiti ba.
Jabbi mai shayi ne ya juya bencinsa
ya fuskanci hanya.
Ladan mai famfo ya daina karɓar kuɗin buta,
ko ta goma ce.
Jikokin Inna Hantsi suka jawo ƙaya
suka kewaye shukar saboda awaki.
Ranar da ya zarce, ya miƙi titin Illela
neman gonar da aka sayar tun tuni,
Nomau ɗan kabu-kabu ya sauke fasinja
ya tsaya gabansa.
Bai ce masa ya ɓata ba.
Ya ce, "Baba, raka ni gida, na mance hanya."

Ba zan ce ban gaji ba.
Akwai daren da nake wanke shimfiɗa sau biyu,
in zauna a bakin murhu
ina cije addu'ar da ba ta dace da ɗiya ba.
Da asuba Inna Hantsi ta turo ƙofa da ƙwaryar kunu,
ta ce in je in kwanta, yau nata ne.

Bazara ta zo da wutarta.
Layin nan ya koma tsinkaye,
lambobi na lilo a wuyan gawa.

Shekara ta zagayo, mai littafi ya dawo.
Ya ƙirga har ɗari da shida bai buɗe biro ba.
Sai ga ta bakwai, ta kai masa kafaɗa,
da inuwa kamar faifai.
Ya ce wa ke kula da wannan?
Muka dubi Baba.
Baba ya taɓa ganyen, ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Ko wa ad da shi,
Allah shi yi mai albarka."

Ya juyo gare ni:
"Tumba, ina butata?"
Tana hannunsa, ruwa na ɗiga ta bakinta.